DARASI: MAYAR WA MAMACI DA SUNANSA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya girmama ɗan Adam yana raye, kuma Ya girmama shi bayan mutuwarsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala wadda ta taɓa gidaje masu yawa a ƙasarmu. A Damagaram, da Maraɗi, da Tawa, akwai gidajen da aka yi sallama da mutum ya tafi biɗar abinci, shekaru suka shuɗe, babu waya, babu saƙo, babu labarin rai balle na mutuwa. A wani wurin kuma, cikin hamada, ko a bakin teku, ko a ɗakin ajiye gawa na asibiti, akwai mamacin da aka rufe ba a san ko wane ne ba. Sau da yawa wanda ake cigiya a nan shi ne wanda aka rufe a can, sai dai babu wanda ya haɗa labaran biyu. Za mu duba matsayin wannan aiki na haɗawa a Musulunci, da yadda talakawa 'yan sa-kai suka yi shi a wasu ƙasashe, da haɗarin da ke cikinsa, da abin da ya hau kan jama'ar kowane masallaci.

Asalin wannan aiki a zamanin Sahabbai

A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Sahabi Anas bin Nadr, baffan Anas bin Malik, Allah Ya yarda da su, ya yi shahada. Imamul Bukhari ya ruwaito cewa an same shi da rauni fiye da tamanin, na takobi da mashi da kibiya, kuma mushrikai sun ɓata kamanninsa har babu wanda ya iya gane shi. 'Yar'uwarsa ce kaɗai ta gane shi, kuma da kan yatsunsa ta gane shi. Mai karatu zai tuna cewa a farkon Suratul Ƙiyama Allah Ya ambaci ikonSa na daidaita kan yatsun mutum bayan ƙasusuwa sun ruɓe. Yau ga shi zanen yatsa yana cikin manyan hanyoyin da masana ke tantance mutum da su.

Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa lokacin da aka rufe Usmanu bin Maz'un a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauko dutse da kansa ya ajiye wajen kan kabarin, domin ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa, ya kuma rufe waɗanda suka rasu cikin iyalinsa kusa da shi. Haka nan Jabir bin Abdullahi, wanda aka rufe mahaifinsa tare da wani mutum cikin kabari guda ranar Uhudu, ransa bai kwanta ba sai da ya tone shi bayan wata 6 ya sake rufe shi shi kaɗai.

Daga waɗannan ruwayoyi muna fahimtar cewa dangi su ne suka fi sanin alamomin jikin nasu, cewa sanya wa kabari alama domin a gane shi abu ne mai asali, kuma cewa tone kabari saboda wata buƙata ta gaskiya ya faru a zamanin mafi alherin al'umma.

Abin da rashin sani ke jawo wa rayayyu

Wani zai ce: mamaci ya riga ya tafi, sanin sunansa me zai ƙara masa? Amsa ita ce, hukunce-hukunce da dama na rayayyu sun rataya ga tabbatar mutuwarsa. Malaman fiƙihu sun keɓe babi ga wanda ya ɓace, suna kiransa mafƙudi. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa matar mafƙudi za ta kai ƙara ga hukuma, a yi bincike, idan ba a samu labarinsa ba a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10, bayan nan ta yi aure idan ta so. Asalin wannan hukuncin Sayyidina Umar ne, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye, waɗanda malamai da yawa na mazhabarmu suka ƙaddara da shekara 70 daga haihuwarsa.

Ku dubi nauyin wannan. Saurayi ɗan shekara 30 ya ɓace a hanyar Libiya. Matarsa ba ta san ko ita matar aure ce ko bazawara ba. Gonarsa tana nan a tsaye shekara 40 ba a raba ba. 'Ya'yansa marayu ne ga Allah, amma ga mutane ba a kira su marayu ba. Mahaifiyarsa duk motar da ta tsaya ƙofar gida sai ta leƙa. Ranar da aka tabbatar cewa gawar da aka rufe a wuri kaza tasa ce, duk wannan ɗauri ya kwance: a yi masa addu'a, a biya masa bashi, a raba gado, matarsa ta yi takaba ta san matsayinta. Saboda haka wanda ya mayar wa mamaci da sunansa ya yaye wa gida guda baƙin ciki, kuma kun san falalar yaye wa mumini baƙin ciki.

Darasi daga wani ma'aikacin masana'anta

Wannan aiki asalinsa na hukuma ne, na 'yan sanda da likitoci. Amma hukuma tana da lamurra da yawa a gabanta, kuma takardar gawar da babu mai bin kadinta takan kwana cikin akwati har ƙura ta rufe ta. A nan ne 'yan sa-kai suka shigo. Misalin da ya fi shahara ya faru ne a Amurka, kuma Musulmi ba ya ƙin ɗaukar darasi mai amfani daga kowace al'umma.

A watan Mayu na 1968, wani mai haƙar rijiya ya tsinci gawar wata mace naɗe cikin tampol irin na tanti, kusa da garin Georgetown a jihar Kentaki. 'Yan sanda suka yi bincike ba su gano ko wace ce ba. A 1971 aka rufe ta, aka kafa dutse a kabarinta, aka zana kamannin fuskarta a jikinsa, aka rubuta ranar da aka tsince ta da siffofinta, aka kira ta Yarinyar Tanti. Bayan kusan shekara 20, wani saurayi mai suna Todd Matthews, ma'aikacin masana'anta a jihar Tenesi, wanda ya auri ɗiyar mai haƙar rijiyar nan, ya ji labarin daga bakin surukinsa. Bai yi karatun likita ba, kuma shi ba ɗan sanda ba ne. Ya kwashe kimanin shekara 10 yana tara tsofaffin jaridu, yana rubuta wasiƙu, yana tambayar jami'ai. Da intanet ta shigo sai ya riƙa duba sanarwar cigiya cikin dare bayan ya tashi daga aiki. A farkon 1998 ya ci karo da cigiyar wata mata da ke neman 'yar'uwarta, wadda aka daina jin ɗuriyarta a garin Lexington tun ƙarshen 1967. Wuri ya yi kusa, lokaci ya dace, siffa ta yi daidai, har da wushiryar da ke tsakanin haƙoranta na gaba.

Abin lura shi ne abin da ya yi bayan nan. Ya tuntuɓi matar, aka kai maganar ga hukuma, hukuma ta ba da izinin tone kabarin, aka yi gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira DNA, aka gwada da na 'yar'uwar. A watan Afrilu na 1998 aka tabbatar cewa ita ce Barbara Ann Hackmann Taylor, bayan shekara 30. Tun farko masu bincike sun ƙiyasta cewa yarinya ce 'yar ƙasa da shekara 20, alhali shekarunta 24, kuma uwa ce. Danginta kuwa mijinta ya gaya musu cewa ta gudu ne da wani mutum.

Bayan wannan nasara aka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna Doe Network a 1999, masu tara bayanan gawawwakin da ba a sani ba a gefe guda, da na ɓatattu a ɗaya gefen, suna gwada wannan da wancan. A 2007 gwamnatin Amurka ta buɗe rajista ta ƙasa baki ɗaya mai suna NamUs, kuma Todd Matthews ya yi aiki a cikinta shekaru da dama kafin rasuwarsa a 2024. A 2017 wasu masana salsalar dangi suka kafa DNA Doe Project, inda 'yan sa-kai ke bin sassan zumunta daga dangi na nesa har su iso ga sunan mamaci. Ta haka a 2018 suka gano sunan wata mata da aka tsinci gawarta a jihar Ohayo tun 1981.

Me ya sa aikin mutumin nan ya yiwu? Domin waɗanda suka rufe gawar sun rubuta siffarta kuma sun san kabarinta, domin 'yar'uwarta ba ta gaji da cigiya ba, kuma domin masana sun tabbatar da abin da shi ya yi zato. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, da har yau dutsen nan ba shi da suna.

A kan hanyar da 'ya'yanmu ke bi

Mu dawo nahiyarmu, inda musibar ta fi girma kuma kayan aiki suka fi ƙaranci. A garin Zarzis da ke kudancin Tunusiya, igiyar ruwa tana kawo gawawwakin matafiya da jiragensu suka nutse tsakanin Libiya da Italiya. Wani tsohon masunci, Shamsuddin Marzuk, ɗan sa-kai na ƙungiyar agaji ta Jan Jinjirin Wata, ya kwashe shekaru yana rufe ɗaruruwansu a wani fili da aka sani da maƙabartar waɗanda ba a sani ba. Allah Ya saka wa duk mai suturta ɗan Adam. Amma kusan dukkan waɗannan kaburbura ba su da suna. A 2021 wani ɗan Aljeriya, Rashid Ƙuraishi, ya gina sabuwar maƙabarta a garin, wadda aka tsara ta yadda kowane kabari zai ɗauki bayanin mai shi, domin ranar da dangi za su zo nema. Duk da haka, a 2022, da wani jirgi ɗauke da mutum 18 ya tashi daga yankin ya nutse, an rufe wasu daga cikinsu a matsayin baƙi ba tare da an tantance su ba, alhali 'yan garin ne. Iyayensu suka tayar da ƙura, aka tone kaburbura, har garin ya yi yajin aiki. Gaggawar rufewa ba tare da rubutu ba ita ta jawo wannan.

A ƙasarmu kuwa, babu wanda ya manta watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 cikin hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motoci biyu ne suka lalace da su a hanyar Tamanrasset, ƙishirwa ta gama da su. Mafi yawansu daga yankin Kance ne a jihar Damagaram. Sojoji da 'yan sa-kai na Arlit suka bi su warwatse cikin rairayi, suka yi musu sutura a inda suka same su, gwamnati kuma ta ayyana zaman makoki na kwana 3. Waɗannan an san inda suka fito domin akwai kaɗan da suka tsira suka ba da labari. Nawa ne suka faɗi cikin Tenere babu wanda ya tsira daga motarsu? A wajen Assamaka, inda ake sauke waɗanda aka koro daga Aljeriya a wurin da ake kira Point Zéro, kimanin kilomita 15 daga garin, 'yan sa-kai na Alarme Phone Sahara, wadda aka kafa a 2017, suna fita neman waɗanda suka gaza a hanya, suna kuma rubuta waɗanda suka tarar sun cika.

A cikin waɗannan matafiya akwai Musulmi akwai waɗanda ba Musulmi ba. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude, ya kuma nuna cewa dalilinsa shi ne rai ce. Kowane ɗayansu yana da uwa mai jira.

Haɗarin zato

Ya ku 'yan'uwa, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba a wannan fage. A watan Afrilu na 2013, bayan fashewar bama-bamai a birnin Boston na Amurka, wasu masu bincike na sa-kai a intanet suka gwada hoton wani da ake zargi da hoton wani ɗalibi da ya ɓace, suka yaɗa cewa shi ne. Aka dami iyayensa da waya da zagi alhali suna cikin neman ɗansu. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa cikin kogi, kuma ba shi da hannu cikin komai. Kama da wane ba ta wane ba ce.

A shari'armu kuskuren ya fi haka muni. Malaman mazhabar Malikiyya sun ce matar da aka kawo wa labarin mutuwar mijinta, ta yi takaba ta yi wani aure, sannan mijin ya dawo da ransa, ana mayar da ita ga mijin farko ko da ta haihu da na biyu. Ku dubi gidaje nawa ne kalma guda ta rashin tabbas za ta rusa. Masana binciken gawa ma sun tabbatar cewa gane mamaci da ido yana yawan kuskure, domin rana da ruwa suna canza fuska cikin 'yan kwanaki, kuma mai baƙin ciki yakan ga abin da yake tsoro ko abin da yake fata. Hujjojin da suke dogara da su uku ne: zanen yatsa, da haƙora, da gwajin DNA, wanda ake ɗauka daga ƙashi ko haƙori a gwada da yawun uwa, ko ɗa, ko ɗan'uwa shaƙiƙi. Sauran alamomi suna nuna hanya ne kawai. Aikin ɗan sa-kai ya kawo zato mai ƙarfi, yanke hukunci kuwa na masana ne da alƙali.

Haka kuma mu ji tsoron Allah game da hotunan gawa da ake watsawa a WhatsApp da Facebook da sunan cigiya. Shari'a ta kwaɗaitar da mai wankan gawa ya rufa asirin abin da ya gani, to ina ga wanda ya baza shi duniya? Kuma wace uwa ce za ta so ta fara jin rasuwar ɗanta ta wannan hanya? Mu yi koyi da hukuncin tsintuwa: mai tsintuwa yana yin cigiya, amma ba ya faɗin dukkan siffa, sai mai kaya ya zo ya faɗi irin jakar da irin ɗaurinta.

Abin da ya hau kanmu

Suturta mamaci farali ne na kifaya, kuma gaggauta jana'iza sunna ce. Rubuta bayaninsa ba ya cin sa'a guda, don haka babu karo tsakanin biyun. Ga abin da muke kira gare shi.

Na ɗaya, wanda ya tsinci gawa ya sanar da jandarmomi ko 'yan sanda da mai gari kafin a taɓa komai, domin mai yiwuwa kisa ne aka yi.

Na biyu, idan an ba da izinin rufewa, ko kuwa ana cikin daji mai nisa inda jira ba zai yiwu ba, a ba gawar lamba. A rubuta rana, da wuri, da namiji ne ko mace, da tsawo, da ƙiyasin shekaru. A rubuta tsagar fuska, da tabo, da tsohuwar karaya, da wushirya ko giɓi ko haƙorin Makka, da irin kitso. A ɗauki hoto cikin mutunci, a miƙa shi ga hukuma kaɗai.

Na uku, kada a watsar da kayan jikinsa: tufafi, da zobe, da tasbaha, da laya, da waya, da ƙaramar takarda mai lambobi. A duba cikin ɗinkin riga da ƙugun wando, domin matafiya a nan suke ɓoye abin da ya fi musu daraja. Likitocin Italiya da suka binciki jirgin da ya nutse ranar 18 ga Afrilu 2015 sun tarar da wani yaro ɗan Mali ya ɗinke takardar sakamakon makarantarsa cikin rigarsa.

Na huɗu, a rufe kowa cikin kabarinsa gwargwadon iko, a sa alama mai ɗorewa da lambar nan. Kwamitin maƙabarta ko na masallaci ya tanadi littafi guda na baƙin da aka rufe, a hannun liman ko wani amini.

Na biyar, iyalin wanda ya ɓace kada kunya ko tsoro su hana su kai rahoto. Su je ga hukuma, su je ofishin Croix-Rouge, wadda ke da sashen sada iyalan da suka rabu. Su ajiye hotonsa, su rubuta ranar tafiyarsa, da tashar da ya hau mota, da abokan tafiyarsa, da lambar da ya yi kira na ƙarshe da ita, tun tsofaffin da suka san alamomin jikinsa suna raye. Su yi hattara da masu karɓar kuɗi da alkawarin kawo labari, da masu duba.

Na shida, matasanmu masu ilimin kwamfuta su taimaka wajen tsara waɗannan bayanai da gwada su. Wanda ya ga alamar dacewa ya kai ta ga hukuma da liman a asirce, kada ya buga wa iyali waya da zato.

Na bakwai, duk mai niyyar tafiya ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, ya rubuta sunansa da garinsu da lambar wani nasa a takarda ya adana a jikinsa, ya kuma rubuta wasiyyarsa. Wannan ba ya kusanto da ajali, kuma ba ya kore tawakkali.

Muna roƙon limamai su karanta wannan darasi ga jama'a, su kuma tambayi kwamitocinsu ko akwai littafin baƙi a maƙabartar garinsu. Idan babu, a buɗe shi a wannan mako.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu cikin hamada da teku, Ya bayyana waɗanda suka ɓace, Ya sanyaya zukatan iyayensu da matansu, Ya sa mu cika da imani a gaban waɗanda za su suturta mu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.